Kafin a ɗaura kaya zuwa wurin makiyayan Mongoliya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da abokan aikinku, muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu yi magana a kan wata tafiya da ta fara shiga ran matasanmu a nan Damagaram, musamman masu zuwa Sin saro kaya da ɗaliban da ke karatu can, wato ratsa ƙasar Mongoliya da mota don ganin zaman makiyayanta. Ɗan Damagaram yakan ce ai shi ya san daji: ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas, ya sha shayi da Buzaye, ya kwana a rugar Fulani. Wannan sanin zai yi masa rabin aiki. Sauran rabin shi ne zai kai shi ya baro, domin dajin can yana kisa da sanyi da ruwan kogi, abubuwan da namu dajin bai koya mana tsoronsu ba.

A fara da girman ƙasar. Mongoliya ta kai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 560, ta ɗara Nijar, amma mutanenta ba su wuce miliyan uku da rabi ba, kuma kusan rabinsu suna babban birni, Ulanbato. Ƙasashe biyu kaɗai take iyaka da su, Rasha ta arewa da Sin ta kudu. Mai duba taswira zai zaci ta taɓa Kazakistan, ba ta taɓa ba, saura ƴan kilomitoci. Saboda haka duk mai son shiga ta ƙasa, sai ya riƙe bizar Sin ko ta Rasha, ban da ta Mongoliya kanta. Kada kuma wani ya ruɗi kansa cewa zai tashi daga tashar Damagaram da mota har can. Abin da hankali ke ɗauka shi ne a yi kilomita kusan 900 zuwa Yamai, a hau jirgin sama ta Istambul zuwa Bejin, daga nan tafiyar ƙasa ta fara.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai fitowa daga Sin ita ce ta garin Erliyan. Ana isa can daga Bejin da bas ko jirgin ƙasa, a ƙetare zuwa Zamin-Ud na ɓangaren Mongoliya. Ba a ƙetare wannan iyaka da ƙafa, dole a shiga mota, kuma akwai direbobin da sana'arsu ke nan. A yi ciniki kafin a shiga, kada a biya duka sai an fita ƙofar ƙarshe, don akan bar fasinja a tsakiyar shingaye in ya daɗe wurin buga hatimi. Daga Zamin-Ud jirgin ƙasa na kwana yana ratsa hamadar Gobi, kilomita kusan 700, ya wayi gari a Ulanbato. Wanda ya samu jirgin da ke wucewa kai tsaye daga Bejin zai ga abin mamaki a Erliyan: faɗin layin dogon Sin milimita 1435 ne, na Mongoliya 1520 irin na Rasha, don haka ake ɗaga tarago ɗaya bayan ɗaya a canza masa ƙafafu. Aikin yana cin awoyi, kuma ana rufe makewayi duk tsawon lokacin. A yi uzuri da alwala tun kafin a iso.

Sefa ba ta da kasuwa can, ko a banki. A riƙe dala ko yuro sababbi, marasa yagewa, a canza su zuwa tugurik a Ulanbato, a nemi ƙananan takardu masu yawa, domin makiyayi ba ya da canji. A sayi layin waya na Mobicom ko Unitel. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, sai lardunan can yamma da ke gabanmu da awa 6.

Lokacin tafiya ɗan kaɗan ne: daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba. Daga Maris zuwa Mayu iska ce da ƙura, dabbobi sun rame, makiyaya suna fama da haihuwar tumaki, ba su da sukunin baƙo. Hunturunsu kuwa ba a haɗa shi da ɗarinmu na Janairu, don sanyi yakan sauka digiri 30 har 40 ƙasa da sifili. Ko a Yuli, rana za ta yi zafi har a cire riga, dare ya yi a kan tudu ruwan buta ya kusa daskarewa. Babbar riga ɗaya ba ta isa. Ana saka kaya ne hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki, ta ulu a kai, sannan mai tare iska da ruwa, da hular da ke rufe kunne, da safa mai kauri ƙafa uku ko huɗu, da jakar barci wadda aka yi don sanyin sifili. Rawani yana da amfani ƙwarai, ga ƙura ga sanyi, kada a bar shi gida.

Yanzu ga mota, inda akasarin tafiye-tafiye ke lalacewa. Gudron ya kai manyan garuruwan larduna da dama, amma makiyaya ba a bakin gudron suke ba. Da an sauka, sai ka ga sawun taya goma ko ashirin sun bazu a fili ɗaya, kowanne da inda ya nufa, babu allo babu alama. Motoci biyu aka fi haya: Land Cruiser, da wata tsohuwar bas ta Rasha ƙirar UAZ da suke kira furgon. Land Cruiser ta fi daɗin zama. Furgon tana girgiza mutum har haƙora, tana zafi a kan hawa, amma ta fi ɗaukar kaya, kuma kowane ƙauye akwai wanda ya san cikinta da inda za a samu kayan gyaranta. Mu a ganinmu, mutum huɗu zuwa shida su ɗauki furgon da direbanta. Kada a karɓi mota a ce za a tuƙa da kai, ko da an saba da kat-kat a rairayin Tesker.

Lissafin da ya kamata a yi shi ne kilomita 30 zuwa 40 a awa in an bar gudron, wato 200 zuwa 250 a yini in ana so a isa da sauran haske. Furgon tana shan esansi lita 15 zuwa 20 a kilomita 100, fiye da haka a laka ko rairayi. A cika tanki a duk garin da aka samu, a ƙara jarka biyu masu lita 20, domin gidan man ƙauye yakan ƙare ko a tarar babu wuta. Kafin a tashi, a sa ido a ga taya biyu na ko-ta-kwana, famfon iska, kayan faci, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, bel na inji da ruwan sanyaya inji. A kuma rubuta a takarda wa zai biya mai, wa zai ciyar da direba, kilomita nawa aka yarda a rana. Rigimar da aka fi yi ke nan a kwana na uku.

Yashi mun san shi: a rage iskar taya, kada a tsaya a kan hawa. Abin da ba mu sani ba shi ne kogi. Yuli da Agusta su ne daminarsu, rafin da aka ƙetare da safe ruwa iya idon sawu yana iya kai ƙugu da la'asar saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu nesa. Ƙa'ida ita ce mutum ya fara shiga da sanda ya auna zurfi da taurin ƙasa. In ruwa ya wuce gwiwa kuma yana ja, a jira, ko a nemi makiyayi ya nuna mashiga. In za a shiga, a sa giya ta ɗaya, a tafi da gudu ɗaya ba tsayawa ba canza giya. In inji ya mutu a tsakiya, kada a sake tayar da shi, don in ruwa ya shiga ta mashaƙar iska, murza makulli sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki, tafiya ta ƙare. A ja motar waje, a cire fulogi, a fitar da ruwan tukuna. Haka nan koren fili mai sheƙi a gindin kwari, sau da yawa fadama ce da ke haɗiye mota har ƙirji.

Ɗakin makiyayi sunansa ger. Da'ira ne, bangonsa katakon da aka saƙa kamar raga mai naɗewa, sama akwai zoben katako da ginshiƙai biyu ke tallafe da shi, sanduna masu yawa sun taso daga bango sun shiga zoben, an lulluɓe duka da kauraran bargunan gashin tumaki. Iyali guda suna kwance shi su ɗaure cikin awa ɗaya ko biyu, kuma sukan yi ƙaura sau biyu zuwa huɗu a shekara, wasu fiye. Ƙofa kullum kudu take kallo. Murhu yana tsakiya, makamashinsa busasshen kashin shanu, wanda ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san Damargu.

Ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Tun daga nesa ake kira da "nohoi hor", ma'ana a riƙe kare, kuma ba wasa ba ne, karnukansu manya ne, kada a fito daga mota sai mai gida ya fito. Wajen shiga, a sunkuya, a tsallake dokin ƙofa, kada a taka shi. A bi ta hannun hagu, nan ne wurin baƙi. Dama ta uwargida ce da tukwanenta. Can ƙurya daura da ƙofa wurin dattijo ne da kayan ibadarsu, ba a miƙe ƙafa ta nan. Ba a jingina da ginshiƙan tsakiya, ba a miƙa abu ta tsakaninsu, ba a yin fito da baki a ciki, ba a jefa shara cikin wuta. Abin da aka miƙo a karɓa da dama, hagu tana tallafe da gwiwar hannu, hannun riga a sauke. In ka taka ƙafar wani bisa kuskure, ka miƙa masa hannu nan take. Mai gida yakan miƙo ƴar kwalbar garin taba. Ya isa a karɓa, a shinshina bakin, a mayar.

Ga wani sauƙi da Allah ya yi wa Musulmi. Daga tsakiyar Mongoliya alƙibla tana yamma kusan sak, saɓanin mu da ke kallon gabas. Tunda ƙofar ger kudu take kallo, in ka shiga, hannun hagunka shi ne alƙibla, wato gefen da ake zaunar da baƙi. Sai dai lokutan salla za su rikita wanda ya saba da namu: a Yuni rana tana kai awa 16, asuba tana yi tun wajen ƙarfe uku, isha tana kaiwa can dare. Wajen alwala, a ɗebi ruwa da buta a koma nesa da gaɓa. Suna girmama kogi da idon ruwa, wanka da sabulu ko wanke kwano ko tsuguno kusa da ruwa babban laifi ne a wurinsu. A kan tuddai za a ga tarin duwatsu da shuɗɗan ƙyallaye, owo, direba zai tsaya ya zagaya sau uku. Addininsa ne, ka jira shi a mota, kada ka hau kai don ɗaukar hoto, kada ka ɗauki dutse.

Batun abinci shi ne wanda muka fi so a karanta da kyau. Da zuwa za a ba ka shayi da madara da gishiri, sutai tsai, babu sukari. Harshen da ya saba da shayin Buzaye zai yi gardama a kofi na farko, amma halal ne kuma yana ɗumama jiki. Za a kawo busasshen cuku mai tauri, arul, ɗan uwan cukunmu, a tsotse shi kada a gatsa. Sai a yi hattara da abu biyu. Na farko airag, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami, akwai barasa a cikinsa kimanin kashi 2 cikin 100. Na biyu wata giya da ake tatsowa daga nono, fara tas kamar ruwa. Ƙin karɓar kwano cin fuska ne, amma karɓa da dama a ɗaga a mayar ba laifi ba ne. A sa tafinta ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa baƙin ba su sha saboda addini.

Nama kuwa, yadda suke kashe tunkiya ba yanka ba ne. Ana kwantar da ita rigingine, a tsaga ƙasan ƙirji kaɗan, a zura hannu a tsinke babbar jijiya, jini ya taru a ciki, domin ba su son ya zuba a ƙasa, kuma suna dafa shi. Ke nan naman da ke cikin buz da hushur, ƙullin fulawa mai nama da ake turarawa ko soyawa, da horhog da ake dafawa da zafafan duwatsu, duk bai halatta gare mu ba. Mafita biyu ce. Ko a yi guzuri daga Ulanbato, shinkafa, taliya, kifin gwangwani, ƙwai, albasa, mai, da ƙaramin murhun gas da tukunyar kanku. Ko a sayi rago wurin mai gida, a nemi izni a fili, a kai shi nesa da ger da garke, a haƙa rami don jini, a yanka, a rufe ramin. Kada a yi wannan a gaban ƙofarsa. Kada kuma a dogara da kilishin gida, don ana ƙwace nama a iyakoki. Akwai wata dabba mai kama da gafiya, tarbaga, da suke gasawa. Ko kusa da ita kada a je, tana ɗauke da annoba, a 2019 miji da mata sun mutu a lardin Bayan-Olgi bayan sun ci namanta ɗanye. Madara ma sai tafasasshiya, ruwan sha lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a yini, a tafasa ko a tace.

Wanda wannan takura ta yi wa yawa, ya nufi Bayan-Olgi ɗin, can ƙarshen yamma, fiye da kilomita 1600 daga Ulanbato. Yawancin mutanen wurin Kazakawa ne Musulmi, akwai masallatai, suna yanka da bisimilla, kuma su ne masu farauta da gaggafa, da bikinsu a farkon Oktoba. Sai dai suna cin naman doki, mu kuwa Malikawa ba mu saba ba, a tambaya kafin a sa hannu. Wuraren da ke kusa da iyaka, kamar duwatsun Altai Taban Bogd, sai da takardar izni ta musamman, a nemo ta kafin a tashi, don sojan iyaka ba ya jin magiya.

Dokinsu gajere ne, mai kauri, kuma bai san lallashi ba, ba irin na hawan salla da aka horar a ƙofar fada ba. Ta hagu kaɗai ake tunkarar shi a hau. Kada a cire riga ko a buɗe leda a kansa, ƙarar iska a ƙyalle tana firgita shi. Ƙafa kada ta shige likkafa duka, yatsu kawai, don in an faɗi kada a ja mutum. Sirdin gargajiya na katako ne, a nemi na fata, kuma ranar farko kada a wuce awa biyu. Asibitin da zai iya ɗaurin karaya mai wuya yana iya zama tafiyar kwana biyu, saboda haka a yi inshorar da ta haɗa da ɗauko majiyyaci.

Ga mai kwana goma zuwa sha biyu, zagayen da ya haɗa tarihi da kiwo shi ne a fara da Harhorin, kilomita kusan 360 yamma da Ulanbato a kan gudron. Nan ne Karakorum ta dā, hedikwatar daular da Jangis Kan ya kafa a 1206, wadda ɗansa Ogodai ya gina mata ganuwa a 1235. Malamanmu sun san wannan daula ta ɓangare mai ɗaci, don jikansa Hulaku ne ya rusa Bagadaza a 1258, kafin Mamalik na Masar su tare su a Ainu Jalut a 1260. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wani jikan, Barka Kan, ya musulunta, kuma wani ɗan mishan Bature da ya ziyarci Karakorum a 1254 ya ƙirga masallatai biyu a cikinta. Yau birnin babu shi, sai kunkurun dutse da gidan tarihi, da gidan ibadar Buda na Erdene Zu mai hasumiyoyi 108 a ganuwarsa, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 16, aka rushe yawancinsa a zamanin kwaminisanci wajen 1937. Kwarin Orhon da ke kewaye da shi yana cikin jerin UNESCO tun 2004, kuma nan ne aka fi samun iyalai masu karɓar baƙi. Daga nan a gangara kudu zuwa Gobi: tuddan rairayi na Hongorin Els, raƙuma masu tozo biyu, da jajayen duwatsun Bayanzag inda aka tono ƙwan dinaso a 1923. Mu da ke da Gadufawa, makabartar dinaso ta hamadar Tenere, ba za a burge mu da ƙasusuwa ba, amma a sani ɗaukar ko guntu ɗaya laifi ne da ake kamawa a filin jirgi. Gobi tsakuwa ta fi yawa a cikinta, rairayi kaɗan ne, kuma tsakuwar ce ke cin taya.

Masu son kokowa su daidaita tafiya da Nadam, 11 zuwa 13 ga Yuli: kokowa, sukuwa da harbin baka. A babban filin Ulanbato ƴan kokowa 512 ke shiga, zagaye tara, babu rabon nauyi, wanda gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi, kusan dai dokar kokowar takobinmu. Sukuwa kuwa yara ne ke hawa, tazarar kilomita 15 zuwa 30 gwargwadon shekarun doki. Na birni cunkoso ne da tsadar masauki. Na ƙauyuka, da ake yi kafin ko bayan waɗannan ranaku, ya fi kyan kallo, kana tsaye dab da ƴan wasa.

Mai sha'awar kiwo ya tambayi mai gida labarin zud, wato hunturun da ke kashe dabbobi. Dabbobinsu iri biyar ne, doki, shanu har da yak mai dogon gashi, raƙumi, tunkiya da akuya, kuma a 2023 sun haura miliyan 60. Ƙasar kiwo ta gwamnati ce, babu shinge, gonaki kuwa kusan kashi 1 cikin 100 ne na ƙasar, shi ya sa ba su san rigimar burtali irin tamu ba. Masifarsu ita ce a yi damina mara ciyawa, sannan hunturu mai tsanani ya biyo: ko dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, ko ta narke ta sake daskarewa ta zama kamar ƙarfe da kofato ba ya fasawa. A hunturun 2023 zuwa 2024 dabbobi sama da miliyan 7 suka mutu. Dattijon da ya ga farin 1973 da na 1984 a Damargu zai gane fuskar mai ba da wannan labari ba tare da tafinta ba. Yawan awaki, da ake ƙarawa saboda kuɗin lallausan gashinsu da ake sayar wa Sin, yana ƙara cinye ciyawar har saiwa.

Tsaraba a kai ta ranar tafiya, a miƙa da hannu biyu ga uwargida: dabino, shayi, sukari, fitilar hannu mai cajin rana, littattafan zane da fensir na yara. Kada a ba da wuƙa. Kuɗin kwana da na doki a daidaita su ta bakin tafinta tun da farko, a sa su a ambulan. In an ɗauki hotonsu da izni, a karɓi lambar wani ɗansu da ke birni a tura masa.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu karatunku daga unguwar Birni, Damagaram